Gudummawar Kamfanoni ga 'Yan Takara: Dokar Zaɓe ta 2022 a Ma'aunin Shari'a

A ranar 25 ga Fabrairu, 2022, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a Dokar Zaɓe wadda ta ɗaga iyakar gudummawar da mutum ko ƙungiya za su iya bai wa ɗan takara daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 50. Shi ne kuma ya sa hannu a Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ta hana kamfani bayar da dukiyarsa domin manufar siyasa. Ƙofar da ɗaya ta rufe, ɗayar ta bar ta a buɗe.

Aibin Dokar Zaɓen shi ne ta dubi adadi, ta kau da kai daga dalilin bayarwa, alhali dalilin ne Shari'a take bincika. A hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya yi inkarin kyautar da aka bai wa ma'aikacin zakka, domin muƙaminsa ne ya jawo ta. Haka nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun da ya soka.

Idan aka ce ai ɗan takara bai hau mulki ba tukuna, amsa ita ce kamfanin da ya zuba kuɗi yau kwangilar gobe yake hange, kuma toshe hanyar ɓarna asali ne a mazhabar Malikiyya. Saboda haka ya dace malaman masarautar Daura su koya wa masu zaɓe tambayoyi biyu: wa ya biya kuɗin yaƙin neman zaɓe, wa kuma ya sami kwangila bayansa? Allah ne Mafi sani.