Daidaita kyamarori da jikin mutum: sauƙin da ke buƙatar taka-tsantsan

Fasahar ɗaukar motsin jiki da kyamarori da yawa ita ce ta raya Gollum a The Lord of the Rings da halittun Avatar na 2009: ɗan wasa ya motsa, kwamfuta ta kwashe motsin ta ɗora wa zane. Kafin a fara ɗauka sai an san mazaunin kowace kyamara, inda ta fuskanta, da yadda gilashinta ke lanƙwasa hoto. A da, ana gano haka ne da allo mai gidaje baƙi da fari, ko sandar da aka san tsawonta.

Yanzu an fara miƙa aikin ga ƙirƙirarriyar basira. Manhajoji irin su OpenPose, daga jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, da MediaPipe na Google suna gano kafaɗa, ƙugu, gwiwa da idon sawu a hoto. In kyamarori huɗu suka riƙa ganin gaɓoɓi iri ɗaya a lokaci ɗaya yayin da mutum ke motsi, lissafi kan fitar da mazaunin kowacce. Abin maraba ne, domin da wayoyin hannu kaɗai ana iya adana takun ɗan dambe ko rawar Koroso, kuma Kannywood na iya amfana.

Sai dai manhajar ta fi sanin jikin da take gani sarai. Kundin hotuna na COCO, wanda aka horar da da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji da shi, maki 17 yake sa wa jikin mutum. Babbar riga da zani da hijabi kuwa suna rufe rabinsu. Ga kuma mai dashen shinkafa a gonakin noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ke ratsawa: ya duƙa, ƙafafunsa sun nutse cikin taɓo. A nan manhajar kintace take yi, ba gani ba. In kuwa da kintacen aka daidaita kyamarori, kuskuren zai bi duk abin da aka ɗauka a ranar, har da gaɓoɓin da suka fito fili.

Saboda haka bai kamata a yar da allon ba. A fara daidaitawa da shi, ko da mutum mai ɗamammun kaya yana zagaya filin, a tafa hannu sau ɗaya don lokacin kyamarori ya zo ɗaya, a auna wani tsawo da tef, sannan a kira mai rawa ko manomi da tufafinsa na yau da kullum.