Hannun Dashe

Wanda ya taso daga lungunan Kaura Goje da tsakar ranar bazara ya nufi Nassarawa GRA a birnin Kano, fatar jikinsa ce za ta fara shaida masa ya sauya unguwa. Manyan darbejiya da maɗaci da ke jere a bakin tsofaffin titunan su ne suka riƙe sanyin. Ita darbejiyar ma baƙuwa ce: asalinta yankin Indiya, ta Borno ta shigo Najeriya a 1928, ta zauna har ta zama 'yar gida. Sai dai babu ko ɗaya cikinsu da ta kai haka don kanta. Akwai hannun da ya raine ta, kuma masu irin wannan hannu suna nan har yau, suna jera dashensu a bakin hanya.

Ka je ka ce kana son bishiyar inuwa, gwani ba zai miƙo maka leda nan take ba. Tambaya zai fara. Ƙofar gida ce ko tsakar gida? Taku nawa ne zuwa katanga? Ina ramin masai? Akwai wayar lantarki a sama? Idan wurin matsattse ne, kamar yawancin gidajen Kaura Goje, zai ce, "Alhaji, bar batun ceɗiya, saiwarta za ta ɗaga maka daɓe ta tsaga gini." Tsamiya kuwa inuwarta babu kamarta, amma jikoki ake dasa wa.  Mu da damina ke yi mana wata huɗu ta tafi, mai jure ƙishi muke nema.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na farko, wanda mai saye ba ya gani. Irin darbejiya ba ya ajiyuwa, makonni kaɗan ya mutu, don haka ɗanye ake tsinto shi, a wanke naman 'ya'yan, a shuka a ledar fiya wata da aka huda ƙasanta, cikin yashi da ruɓaɓɓen taki. Lokaci zuwa lokaci sai ka ga mai rainon ya tsuguna yana ɗaga ledojin ɗaya bayan ɗaya, yana datse saiwar da ta leƙo ta huda. In ya bari ta kama ƙasa, ranar cirewa tsiron zai ji rauni, ya yi yaushi a gidan mai saye.

Dashen kansa sai ruwa ya zauna, wajen watan Yuli, kuma da yamma. Rami ya kai gwiwa, ƙasar sama a ware ta gefe domin ita za a fara mayarwa. Ɗanyen kashin shanu ba ya shiga, ƙona saiwa yake yi ya kuma gayyato gara. A yage ledar a hankali kada ƙasar jikin saiwa ta warwatse, a yi gurbin ruwa kewaye da gindi, sannan a kewaye da bulo ko ƙaya, don akuyar unguwa ba ta san kuɗin dashe ba.

Rani biyun farko su ne jarrabawa. Masu yayyafi kullum suna lalata bishiya ba su sani ba, saiwarta sai ta tsaya a sama tana jiran ɗan ruwan gobe. Gwani shayarwa yake yi mai yawa, sau biyu a mako, har ruwan ya nutse, saiwa ta bi shi ƙasa. Wasu tsohon tulu suke binnewa kusa da gindi su riƙa cika shi yana tsattsafowa.

Sai aski. Rassan ƙasa ake ragewa kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, har kan bishiyar ya haura tsayin mutum ya baje, tabarma ta samu wurin shimfiɗa. Maɗaci kuma yana da nasa tsaron: masu neman magani kan sassaƙe ɓawonsa, kuma in sassaƙar ta zagaye gindi, abincin da ganye ke aika wa saiwa ya yanke, bishiyar da ta shekara hamsin sai ta bushe a tsaye.