Chano Pozo da Shigar Gangar Konga cikin Kiɗan Jaz

An haifi Luciano Pozo González, wanda aka fi sani da Chano Pozo, a birnin Habana na ƙasar Kyuba a shekarar 1915. A unguwannin talakawa ya tashi, yana kiɗan rumba da na bukukuwan titi. Ɗan ƙungiyar asirin Abakua ne, wadda tushenta yake komawa ga ƙungiyar Ekpe ta yankin Kalaba, saboda haka waƙoƙin tsafinsu suna bakinsa tun yana saurayi.

A shekarar 1947 ya isa New York, inda Mario Bauzá ya haɗa shi da mabushin kakaki Dizzy Gillespie. A watan Satumba na wannan shekara suka yi wasa a zauren Carnegie Hall, a watan Disamba kuma suka ɗauki "Manteca" a faifai. A kan wannan kiɗa nake so in tsaya.

Pozo bai iya karanta rubutun kiɗa ba, Turancinsa ma kaɗan ne. Da baki ya rera wa Gillespie gajerun gaɓoɓi masu maimaituwa, wannan na hawa kan wancan, kamar yadda 'yan amshi suke karɓa wa makaɗi. Gillespie ya ga abin zai tsaya wuri ɗaya, sai ya saka tasa gaɓar a tsakiya, Gil Fuller kuma ya tsara wa mabusa. Masu sharhi sukan yaba wannan ƙari. Ni kuwa a ganina a nan ne kiɗan yake yin rauni, domin da zarar an shiga gaɓar Gillespie sai ganga ta koma 'yar rakiya, alhali a farko ita ke jan ragama, mabusa na biye da ita. Duk wanda ya saurara da kyau zai ji takun jaz da takun Kyuba suna ja-in-ja, ba su gama sabawa da juna ba. To amma wannan ja-in-ja ɗin ne yake sa ni komawa ga faifan.

Zaman nasu bai yi nisa ba. A watan Disamba na 1948 aka harbe Pozo a wata mashaya a unguwar Harlem, yana da shekara 33. Mongo Santamaría da Cándido Camero da Ray Barretto su suka ci gaba da konga a fagen jaz bayansa.