Koyar da Faransanci a Makarantun Sakandare na Bakin Iyaka: Sharhi daga Jibiya

1.0 Gabatarwa



Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan yadda ake koyar da Faransanci a makarantunmu na sakandare, musamman waɗanda ke bakin iyaka. Na zaɓi Jibiya ne domin in har akwai wurin da ya kamata wannan darasi ya zauna da gindinsa a Jihar Katsina, to nan ne. Abin da nake so in nuna guda ɗaya ne, watau muna bi da yaron Jibiya ta doguwar hanya zuwa ga abin da ke bayan gidansu. Muna koya masa Faransanci ta bakin Ingilishi, alhali kuwa Hausarsa da maƙwabtansa sun fi kusa da darasin.

2.0 Jibiya da Maƙwabtanta

Wanda ya taso daga Katsina ya nufi Maraɗi, ta Jibiya zai bi, ya wuce Magama, ya shiga ƙasar Nijar ta Ɗan Isa. Tsakanin Jibiya da Maraɗi tafiyar wajen kilomita 50 ce. Mutanen ɓangarorin biyu tushensu ɗaya, domin sarakunan Katsina na dauri ne suka koma Maraɗi bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har yau kuwa Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi. Iyakar da ta raba su aikin Ingila da Faransa ne, kuma tsakanin 1906 da 1908 ne Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi ta suna kafa alamu.

Tun daga lokacin kowane ɓangare ya riƙa aro daga harshen wanda ya mulke shi. Inda Bakatsine zai ce kwastan, Bamaraɗe duwan yake cewa. Makarantar boko a can lakwal ce, malaminta mushe, littafin rubutu kaye, babbar mota kamiyo, wutar lantarki kuran. Yaron da ya tashi yana jin fatake a kasuwar Jibiya ya san yawancin waɗannan kalmomi tun bai shiga aji ɗaya ba, sai dai ba wanda ya taɓa gaya masa cewa daga Faransanci suka fito.

3.0 Abin da Hukuma ta Tsara

A watan Disamba na 1996 Shugaban Ƙasa Janar Sani Abacha ya ba da sanarwar cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya. Manufar Ilmi ta Ƙasa, bugun 1998, ta ɗauki wannan magana, bugun 2004 kuma ya wajabta darasin a firamare da ƙaramar sakandare, ya bar shi zaɓi a babbar sakandare. Hujjar da aka kawo ita ce kyautata hulɗa da maƙwabta, tun da Binin da Nijar da Cadi da Kamaru duk da Faransanci suka gāji aikin ofis.

Hujjar ba ta da aibu. Aibun shi ne manufa ta ambaci maƙwabta, amma manhaja da littattafai ba su tambayi ko su wane ne maƙwabtan kowane yaro ba. Darasi ɗaya aka yanka wa ɗan Badagiri da ɗan Kalaba da ɗan Jibiya, kamar rigar kanti.

4.0 Kurakurai Uku

4.1 Harshen Bayani

Na taɓa zuwa duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta wannan yanki. Darasin ranar shi ne bambancin tu da vous. Ɗalibin namu ya ci kusan rabin lokaci yana fama da Ingilishi, wanda kalma guda gare shi ta mutum na biyu, ko ɗaya ne ko da yawa, ko babba ne ko yaro. Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kamar yadda muke ce wa Baba ku?" Malamin ya ce mata a daina Hausa a aji. Nan take ya rufe ƙofar da yarinyar ta buɗe, domin abin da ta faɗa shi ne darasin gaba ɗaya: Bahaushe yana girmama na gaba da shi da lamirin jam'i, haka ma Bafaranshe.

Ban ga laifin wannan ɗalibi ba, mu muka horar da shi haka. Misalin kuwa bai tsaya nan ba. Ingilishi bai raba sunayen abubuwa zuwa namiji da tamata ba, Hausa da Faransanci sun raba. Yaron da ke cewa ƙaramin yaro da ƙaramar yarinya ya riga ya san dalilin petit da petite. Abin da ya rage kawai a gargaɗe shi cewa jinsin ba kullum yake dacewa ba: rana tamata ce a Hausa amma soleil namiji ne, wata namiji ne amma lune tamata ce. Haka nan wajen furuci, malamin da ya san cewa Hausa ba ta da sautin v, ba ta bambanta p da f, kuma ba ta da wasulan hanci irin na bon da vin, ya san inda zai tsananta bita. Wanda ya bi ta Ingilishi kuwa ya ɗora wa yaro kaya biyu, ga shi na farkon ma bai gama zama a kansa ba.

4.2 Duniyar Littafi

Littattafan da na duba sun yi ƙoƙari, sun rage labarin Faris sun kawo biranen Afirka. Amma yawanci biranen bakin teku ne, irin su Kwatano da Lome da Abijan da Dakar. Ban ci karo da darasin da ya kai yaro kasuwar Maraɗi ko tafkin Madarumfa ba. Alal misali, a Nijar da dala ake lissafin kuɗi a Hausa, dala ɗaya sefa 5, saboda haka cent francs dala ashirin ce, mille francs kuma jika guda. Wannan kaɗai ya isa darasin ƙidaya na mako biyu, kuma yaro zai gwada shi ranar kasuwa.

4.3 Horar da Malamai

A 1991 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri, inda ɗaliban jami'o'i da na kwalejojin ilmi ke zuwa su zauna cikin harshen. Wurin yana aiki mai amfani. Amma ɗalibin Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina, ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Badagiri, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, tafiyar da ba ta kai ta yini ba.

5.0 Sukar da Za a Iya Yi

Wani zai ce, me ɗan Jibiya zai yi da Faransanci, tun da Hausa ta ishe shi ciniki har Damagaram? Zai ƙara da cewa Nijar kanta ta juya baya: ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, a watan Maris na shekarar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sabon kundinta kuma ya ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ga kuma rufe iyaka da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024.

Wannan suka tana da nauyi, kuma ɗaukaka Hausa abin farin ciki ne ga wannan taro. Amma a lura da kalmar aiki. Hausa tana ƙulla ciniki da baki, takarda kuwa, tun daga ta duwan da ta jandarma har zuwa ta asibiti da ta kotu, al'adar ofis ta fiye da shekara 100 ta sa da Faransanci aka saba rubuta ta. Falken da ba ya karanta abin da ya sa wa hannu yana hannun tafinta, an kuwa ce kowa ya hau dokin wani, a hanya zai sauka. Daɗin daɗawa, hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka aza harsashinta a Fabrairun 2021, ta Jibiya aka tsara za ta bi. Ma'aikatan da za su riƙe takardun ɓangarorin biyu, in ba mu horar da su a nan ba, daga wani wuri za a kawo su.

Mu manazarta ma muna da buƙata. Wani babban yanki na tarihin Katsina yana kwance cikin Faransanci, kamar bayanan tawagar Tilho da littafin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan alhazan Maraɗi. Ɗalibin tarihi ko na Hausa da ba ya karanta su, da ido ɗaya yake kallon ƙasar Hausa.

6.0 Shawarwari da Kammalawa

Na farko, a halatta wa malami yin bayani da Hausa a aji ɗaya da aji biyu, a kuma sa kwatanta nahawun Hausa da na Faransanci cikin karatun kwalejojin ilmi. Na biyu, malaman sassan Hausa da na Faransanci su haɗa kai su rubuta ɗan littafin taimako, wanda zai fara da kalmomin aro da yara suka sani, ya zarce zuwa karanta rasit da cike takardar shiga ƙasa da rubuta wasiƙa. Na uku, kwalejojinmu su nemi yarjejeniyar musayar ɗalibai da makarantun Maraɗi, su su koyi Ingilishi a wurinmu, mu mu koyi Faransanci a wurinsu. Na san matsalar tsaro a wannan yanki tana iya jinkirta shawara ta uku, amma ta farko da ta biyu ba su jiran kowa sai mu.

Daga ƙarshe, ina roƙon 'yan'uwa malamai da su gwada wannan hanya a aji guda na tsawon zango ɗaya, su kawo mana sakamako a taro na gaba, ko ya gaskata ni ko ya ƙaryata ni.