'Yar Tsana Azeezah da Matsalar Suna

Kamfanin Mattel na Amurka, mai Barbie tun 1959, yakan fitar da 'yan tsana sanye da kayan Wonder Woman, jarumar littattafan zane da ta fara bayyana a 1941. Akwai manyan da ke sayen irin waɗannan su adana cikin kwalinsu. Sunan jarumar da labarinta suke saye, domin robar ɗaya ce da ta sauran.

A 2007 Taofick Okoya na Legas ya fito da Queens of Africa, wato Nneka, Wuraola da Azeezah, wadda aka ce Bahaushiya ce. Yunƙurin abin yabo ne, amma ɗalibin Hausa, a Njamena yake ko a Kano, ya dubi sunan. A ƙa'idar rubutun Hausa "ee" ba ya wakiltar dogon wasalin /i/, kuma "h" ta ƙarshe ba ta da aiki. Aziza ake rubutawa. Da idon Ingilishi aka raɗa mata suna.

A nawa ganin, babbar illar ita ce sunan ba ya tuna wa yarinya Bahaushiya wani labarin da ta taso da shi, alhali ga Daurama da Amina ta Zazzau.