Daga Wasan The Wolf Among Us Zuwa Littattafan Fables

A watan Oktoba na shekarar 2013 kamfanin Telltale na ƙasar Amurka ya fitar da kashin farko na wani wasan kwamfuta mai suna The Wolf Among Us, ya kuma kammala kashi na biyar a watan Yuli na 2014. Mutane da yawa da suka buga wasan ba su san cewa daga wasu littattafan labarin zane aka ciro shi ba, wato Fables, waɗanda Bill Willingham ya fara rubutawa a 2002 ƙarƙashin Vertigo, wani reshe na kamfanin DC Comics. Da suka ji labari sai suka shiga tambayar ko littattafan za su gamsar da wanda wasan ya burge. Tambayar tana da nauyi, domin fitowa 150 aka yi kafin a rufe labarin a 2015, an kuma ƙara wasu goma sha biyu daga 2022. Wanda zai bi wannan hanya sai ya tanadi kuɗi da lokaci.

Tushen labarin ɗaya ne a wuraren biyu. Wani azzalumi da ake kira Magabci ya cinye ƙasashen tatsuniya da yaƙi, mutanen cikinsu suka yi hijira zuwa duniyar 'yan Adam, suka kafa unguwa a ɓoye cikin birnin New York. Mugun kyarkecin nan na tatsuniyoyin Turai, wanda ya haɗiye kakar yarinya mai jan mayafi, ya kuma rushe gidajen aladu, ya tuba ya ɗauki siffar mutum. Sunansa yanzu Bigby, shi ne kuma ɗan dokar unguwar. Duk wanda ba shi da siffar mutum dole ya sayi asirin ɓad-da-kama a wurin mayu, in kuwa ba shi da hali, a kai shi Gandu, can bayan gari, inda ba mai ganinsa.

Wasan ya ɗauki wannan doka ya mai da ita zuciyar labarinsa. A shekarar 1986 aka ajiye shi, wato kafin abubuwan da littattafan suka fara da su. An tsinci kan wata mata mai zaman kanta, Faith, a bakin ƙofar gidan masu mulki, Bigby ya shiga bincike. Duk inda ya leƙa talauci yake gani. Kwaɗo Toad ba shi da kuɗin asiri, kullum ana yi masa barazanar Gandu. Beauty da mijinta Beast, waɗanda dā suke cikin fada, bashi ya yi musu katutu. Mata sun faɗa hannun masu gidan rawa saboda ofishin hukuma ya bar su a layi ba mai sauraronsu, shi kuwa mai ba da rance, Crooked Man, ƙofarsa a buɗe take. Mai wasa shi ke zaɓa wa Bigby abin da zai faɗa da wanda zai bi, ko ya yi haƙuri ko ya kai duka, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Gaskiya zaɓin bai cika sauya ƙarshen labari ba, amma yakan sa mutum ya ji kamar laifin a wuyansa yake. Wannan nauyi, da duhun dare da fitilu masu launin shuɗi da ja, su ne abin da masoya wasan suke tunawa.

Wanda ya buɗe littafin farko da wannan a ransa zai ji kamar ya dawo gida. Fitowa biyar na farko, waɗanda Lan Medina ya zana, su ma binciken kisa ne: an sami ɗakin Rose Red, 'yar'uwar Snow White, jina-jina, ba gawa. Bigby ya bi sawu, ya tara jama'a a ƙarshe ya warware musu zare da abawa. Sai dai tun a nan bambanci ya fara fitowa. Babu wanda aka kashe, Rose Red da saurayinta Jack ne suka shirya abin don su tsere wa Bluebeard da kuɗinsa. Labarin ya fi karkata ga raha da baƙar magana, launinsa kuma na rana ne. Bigby na littafi ba mai shakka ba ne kamar na wasa. Ya san abin da yake yi, ya riga kowa gano gaskiya, ba ya neman kowa ya so shi.

Daga fitowa ta shida Willingham ya ajiye rigar ɗan sanda, bai cika komawa gare ta ba. Dabbobin Gandu suka yi tawaye ƙarƙashin Goldilocks da aladu, a nan ne kuma aka sare kan Colin aka kafa a kan sanda. Colin shi ne aladen nan mai shan taba da ke kwana a ɗakin Bigby cikin wasan, wanda masu wasa da yawa suka ƙi mayarwa Gandu saboda tausayi. Bayan haka sai siyasa: Prince Charming ya kashe Bluebeard, ya tsaya takara ya karɓe kujerar magajin gari daga hannun King Cole. Ana cikin wannan takara ne, tun kafin zaɓen, sojojin katako suka kawo hari New York. Sai aka gano cewa Magabcin da kowa ke tsoro ba kowa ba ne illa Geppetto, tsohon masassaƙin da ya sassaƙa Pinocchio. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, domin ta nuna yadda mulkin zalunci yake farawa daga mutumin da ya ɗauka gyara yake yi: ana kawo masa ƙarar mugun sarki, ya sassaƙa na katako ya maye gurbinsa, har ƙasashe suka taru a hannunsa. Yaƙin ya ƙare a fitowa ta 75, a 2008. Mark Buckingham ne ya zana mafi yawan wannan zango, da ƙawa a gefen shafuka irin ta tsofaffin littattafan yara.

Saboda haka amsar ta danganta da abin da mutum ya so a wasan. In Bigby da Snow White ne suka kama masa zuciya, littattafan za su biya shi fiye da yadda ya zata. Wasan ya bar su suna kallon juna daga nesa, littattafan kuwa sun kai su ga 'ya'ya bakwai, da rabuwa, da aure a fitowa ta 50. In kuwa talakawan unguwar ne suka dame shi, zai sha mamaki. Willingham ya fi son sarakuna da jarumai da 'yan leƙen asiri. Matsalar kuɗin asiri ta fito tun shafukan farko, inda Snow White ta gaya wa Beauty da Beast su saya ko su tafi Gandu, amma marubucin bai tsaya a kanta ba. Faith da Nerissa da Crooked Man, mutanen da wasan ya ginu a kansu, ba su cikin babban labarin. Tambayar da wasan ya yi, wato wa hukuma take yi wa aiki, a littafi ta koma yaya za a ci yaƙi.

Akwai kuma ra'ayin marubucin, wanda bai ɓoye ba. A fitowa ta 50 ya sa Bigby ya kwatanta unguwarsu da Isra'ila, ƙaramar ƙasa da ke rama duka fiye da yadda aka yi mata, yana yabon wannan hali. Sashen da Sinbad ya zo daga Bagadaza da bayinsa da aljani cikin kwalba shi ma rauni ne. Mai karatun da ya san Dare Dubu da Ɗaya zai ga an ɗauko mutanensa an sa su zama ɗalibai da mutanen Turai za su koya wa wayewa. Aron tatsuniyar wasu ba laifi ba ne, Abubakar Imam ma ya yi haka a Magana Jari Ce da labaran Larabawa da na Turawa, amma shi ya zaunar da baƙinsa ne kamar 'yan gida.

Bayan faɗuwar Geppetto labarin ya ɗan rasa alƙibla. An kawo sabon mugu, Mister Dark, an yi wata haɗaka da littattafan Jack a 2009 wadda ba ta ƙara komai ba. Ana iya tsayawa a 75 ba tare da jin an bar tuwo a tukunya ba.

Wanda bai taɓa ko ɗaya ba, gara ya fara da wasan. A ƙarshen kashin farko an nuna kan Snow White a yanke a bakin ƙofa, kafin daga baya a gano wata ce, Lily, aka sa wa siffarta da asiri. Wanda ya karanta littattafan ya riga ya san Snow White tana nan da ranta shekaru da yawa bayan 1986, har harsashin Goldilocks ya shiga kanta ta tashi, don haka wannan wurin ba zai razana shi ba.