Kaset da dara: wace tsohuwar zuma ce ake magani da ita?

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Wannan karin magana ya zama garkuwar duk wanda ya ƙi sauya kayansa a gundumomin Tasawa da Mayahi: dattijon da har yau bai rabu da radiyonsa mai pil ba, da ɗan kasuwar da ya riƙe ƙaramar salula mai maɓallai alhali ƴaƴansa suna shafa gilashi, da malamin da ya tara kaset-kaset cikin kwali a ƙarƙashin gado. A bukukuwan da ƙungiyoyin al'adu suke shiryawa kuwa, akan jera waɗannan kaya a tebur guda tare da ƙwarya da gurmi da ƴaƴan dara, a kira su duka kayan gado. A nan kuskuren yake, domin kowane tsohon abu da irin kulawar da yake bukata. Akwai wanda barinsa yadda yake shi ne ajalinsa, akwai kuma wanda sauya shi ne zai kashe shi.

Mu fara yi wa masu riƙon tsohon kaya adalci. Yawancin ƙauyukanmu ba su da wutar lantarki, garuruwan da suke da ita kuwa sun dogara ne da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, aka yi watanni kafin a maido da ita a watan Maris na 2024, kowa ya ga ranar radiyo mai pil da ƙaramar salular da take kwanaki ba a yi mata caji ba. Manomin Korgom ko na Kanambakashe da ya ƙi sayar da buhun hatsi don ya sayi wayar da kullum take neman caji da kuɗin intanet, lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne. Babu dalilin kiransa baƙauye.

Sai dai darajar radiyo ba a jikin akwatin take ba. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron radiyo a Nijar. Mutanen gari sukan taru da dare su saurari shiri ɗaya, sannan su yi muhawara a kansa, mai jagorantar zaman, wanda sau da yawa malamin makaranta ne, ya ɗauki muryoyinsu a na'ura a aika Yamai a watsa wa ƙasa. Abin da ya ba wannan tsari ƙarfi shi ne taron jama'a da musayar magana. Wanda ya riƙe tsohon radiyo yana saurarensa shi kaɗai a zaure bai fi saurayin da ya toshe kunnuwansa da waya riƙon al'ada ba.

Batun kaset ya fi wannan gaggawa. Kamfanin Philips ne ya fito da ita a 1963, kuma ita ce ta ba talakan ƙasar Hausa damar ɗaukar muryarsa da kansa. Da ita aka ɗauki kiɗan fada da na noma da na bori, da waƙoƙin zabiyoyi a wajen biki, da tafsirin malamai a watan azumi, har da saƙon da ɗan ci-rani yake aiko wa iyayensa daga Legas ko Abijan. Amma zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura irin namu. Yana mannewa, yana tsinkewa, murya tana dusashewa ko da ba a taɓa shi ba. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗi cewa na'urorin karanta irin wannan zare da kayan gyaransu suna gab da ƙarewa. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba su cikin babban hatsari, domin an kwafe su ko'ina. Mawaƙin noman da ba a san shi ba bayan Sarkin Hausa ko Urafan fa? Wataƙila kaset ɗaya ce ta rage da muryarsa a duniya. Mai ita da ya ƙi a juye ta a kwamfuta, yana cewa shi ba ruwansa da kayan zamani, yana binne mawaƙin ne karo na biyu.

Wasu sukan kafa hujja da cewa Turawa ma sun koma wa tsohon faifai. Gaskiya ne, a 2022 an sayar da faifan garmaho a Amurka fiye da faifan CD, karo na farko tun 1987. To amma masu sayensa suna da waƙoƙin nan a ajiye ta wasu hanyoyi, sha'awa ce kawai suke biya. Mu ba mu kai nan ba, tunda abin da yake cikin kwalayenmu ba shi da na biyu.

Dara kuwa akasin haka take. Gurbi talatin ake tonawa a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da ƴaƴa goma sha biyu, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya cinye ɗan abokin karawarsa guda, wanda kuma ya kafa doki, yana kai da komo yana ci a kowane motsi, ya gama da wasan. Ba ta bukatar pil ko gyara, kuma ba ta da abin da za a sabunta. Ana iya sanya dokokinta a waya, amma dara ta wuce dokokinta: ƴan kallo da suke tsoma baki, da zambo da habaici, da yaron da ya tsuguna a gefe yana koyon haƙuri da hangen nesa ba tare da an ce masa darasi ne ba, duk cikin wasan suke. Haka langa, haka gaɗar ƴan mata a dandali, haka gatanar dare. Ɗaukar su a bidiyo sau ɗaya a shekara ba ya raya su, sai an yi su.

Kokowa ta isa misali. Tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kokowa ta shiga radiyo, ta shiga Tele Sahel, yau tana yawo a wayoyi, kuma babu abin da ya rage mata. Dalili shi ne har yanzu samari suna kokowa a fagen ƙauye bayan kaka. Na'ura ta yaɗa abin da yake da rai ne, ba ita ta ba shi ran ba.

Saboda haka, ƴan uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyi, aikin kashi biyu ne. Na farko, a bi gida-gida a nemi aron kaset-kaset, a juye su, a rubuta sunan mawaƙi da garinsu da shekarar ɗauka tun masu sanin haka suna da rai, a mayar wa mai kaya kayansa, a ajiye kwafi a gidan matasa da al'adu, a aika wani cibiyar CELHTO ta Yamai, wadda aka kafa domin adana adabin baka. Na biyu, a ware wa dara da langa fili a farfajiyar makaranta kowane mako, a gayyato dattawan unguwa su kara da ɗalibai. Wannan ba ya cin ko dala, kuma idan aka yi jinkiri har dattawan nan suka ƙare, babu kuɗin da zai sayo shi.